Benen Dokta Abdulganiyu

Wata uku ya rage Dokta Abdulganiyu ya yi ritaya aka karya darajar kuɗin sefa. Fansho kuwa, abokansa sun shekara biyu suna jira. Abin da ya rage masa bene ɗaya ne a unguwar New Bell, inda yake duba marasa lafiya bayan ya tashi daga asibitin gwamnati. Masu haraji kuma sun fara bin likitoci ɗaya bayan ɗaya.

Aka kwatanta masa Madam Jibirin a unguwar Akwa, mai ba likitoci shawara kan haraji. Ba ta karɓi ko sisi ba. Ta ce ta daɗe da sanin aikinsa.

"Benen da sunan wa yake, Dokta?"

Ya yi dariya. "Da sunan wata Zaituna Bakari. Ma'aikacin gwamnati ai ba ya sa sunansa."

"'Yar uwarka ce?"

"Ina! Haihuwa ta zo yi, shekara ashirin ke nan. Ba su zo da kuɗi ba, sai na riƙe katin shaidarta, ta jira a baranda har mijin ya nemo. Ɗan bai zo da rai ba. Ba ta dawo karɓar katin ba, da shi na yi takardun benen." Yana magana yana kallon takardunsa, kamar yadda ya saba duba majinyata.

Madam ta rubuta kowace kalma.

Sati shida ta yi tana haɗa masa fayil, ba gaggawa. Shawararta ɗaya ce: ya je gaban notaire, jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, ya shaida cewa ginin na Zaituna ne tun daga tushe, shi ɗan haya ne kawai. Masu haraji su je su nemi matar da ba wanda ya san inda take. In ƙura ta lafa, sai ya sayar a ɓoye.

Ranar Talata suka je. Ya sa hannu a shafi huɗu, ya buga hatiminsa yana murmushi.

Notaire ya duba takardar. "Saura mai ginin. Sai an nemo ta."

"Ba sai an nema ba," in ji Madam Jibirin. Ta zare biron daga hannun Dokta, ta ajiye sabon katinta a kan tebur, ta rubuta sunan da aka raɗa mata: Zaituna Bakari.