Huji Ɗaya a Maɗaurin Agogo

Mai gyaran agogo ya tura mata agogon marigayi mahaifinta da ɗan yatsa.

"Ga tsohon naki, Malama, ya farfaɗo. Ƙishi ne kawai, na ba shi mai ya sha."

Ba ta yi dariya ba, ita da ko gaisuwarsa ke ba ta dariya. Ta kara agogon a kunne, idonta ya kawo ruwa.

"Baba ya ce wanda zan aura ne zai ɗaura shi."

Kafin ta rufe baki ya miƙo hannu. Ta ɗaura masa. Maɗaurin fatar ya zauna daram a hujin da marigayin yake sawa.

"Kin gani? Ko tela ne ya auna ni, sai haka."

Ta daɗe tana kallon hannun, sannan ta kwance agogon, kanta a ƙasa.

"Ka ƙara huji ɗaya. Hannun wanda zan aura ɗin ya fi naka kauri."

Ya laluba bakinsa ko da sauran zolaya, bai samu ba. Ya jawo basilla, ya ɗora tsininta a kan fatar.

"A nan?"

"Gaba kaɗan," in ji ta.