Ƙofa Uku, Doka Ɗaya

"Inna, sunansa na yanka nake so," nas ɗin ta sake cewa.

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ɗanta na kan benci a sume, kwamfuta kuma ta ƙi buɗe fayil ɗin da aka rubuta allurar da jikinsa ba ya ɗauka.

Ni nake kula da manhajar wannan ƙaramin asibiti na Gyaɗi-Gyaɗi, da ɗan abin da na koya a kafen intanet. Ƙofa uku gare ta, kwantarola muke ce musu: ta rajista, ta magani, ta gaggawa. Biyu suna neman cikakken suna, kowacce da nata kwafin dokar. Ta gaggawa kuwa lambar waya ta ishe ta. Na daɗe ina mamakin wannan, har na yanke cewa mantuwa ce. A makon nan na rubuta dokar wuri ɗaya, duk ukun suna ɗiba daga can, har ta gaggawa ma ta koma neman suna.

"Ɗan fari ne ko, Inna?" na tambaye ta.

"Babban ne," ta ce a hankali.

Sai lokacin na gane. Uwa irinta ba ta kama sunan ɗan fari, kuma wanda ya gina manhajar ya sani, shi ya sa bai sa wa ta gaggawa dokar ba. Na zauna zan warware, amma aikin ba na nan take ba ne.

Ta dubi ɗanta, ta gyara mayafi, ta faɗi sunan. Fayil ya buɗe.

Ɗan nata, mutum da furfurarsa, ya buɗe ido yana dube-dube. Bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.