Wayar Inna Zara'u

Jiri ya sake kayar da Inna Zara'u a bakin rijiya, ta lallaɓa asibitin Korgom ita kaɗai.

Likita ya danna gaban kunnenta, muƙamuƙinta ya yi ƙas.

"Inna, daga nan jirin yake tasowa. Me kike yi da haɓar nan?"

"Waya nake maƙalewa da kafaɗa in ina ɓarar gujiya. Ɗana Misbahu nake kira, yana Aljeriya."

"To, ki rage hirar."

"Ai shekara biyu ba shi ke ɗauka ba. Wata mata ce, da Faransanci, kullum maganarta ɗaya."

Likita ya buɗe baki zai ce mata na'ura ce.

"Ina jin surukata ce," in ji Inna. "Yarinyar kirki. Ita kaɗai ke amsa mini."