Ziyarar Inna daga Sama

Tun da aka tashi mutanen Rafin Kanya aka shimfiɗa farantan sola a gonakinsu, doka ta hana kowa taka maƙabartar garin. Mai son ziyara sai dai ya aika ɗan jirgi mai kyamara.

Ranar Juma'a da hantsi Malam Tanimu ya zauna a ƙofar gida mai lamba tamanin da biyu, 'yarsa Uwani tana koya masa maɓallan na'urar tuƙa jirgin, shi kuwa sai tsaki yake yi.

"Baba, wannan shi ne na kewayawa. Ka taɓa kabarin a allo, shi zai yi ta zagaye da kansa."

Ya taɓa. Ga kabarin mahaifiyarsa nan a gindin aduwa, jirgin yana shawagi a kansa kamar ungulu. Nan take ransa ya ɓaci.

"Sauke shi ƙasa. Shekara sittin ban taɓa gaida Inna a tsaye ba, yau kuma a kanta zan hau?"

Uwani ta danna na sauka. Jirgin ya yi ƙasa kaɗan ya tsaya cak, wata murya daga na'urar ta ce an hana taɓa ƙasa a wannan yanki.

"Gaya masa uwata ce."

"Ba ya ji, Baba. Saura minti biyu ya juyo."

Malam Tanimu ya tuɓe takalmi ya durƙusa a kan siminti, ya ɗaga allon sama da kansa, don Inna ta kasance a samansa. Bai kai ƙarshen sallama ba muryar ta tambaye shi ko a haɗa hoton da kiɗa.