Ranar da Kakata Ta Ji Kukan 'Yar Japan

Ina shekara goma a Toranke, muna ɓarar gyaɗa da kakata, muna kallon katun ɗin Japan a wayar yayana. Ba ta yi boko ba, ni nake fassara mata rubutun Turancin da ke ƙasa.

Sai ta ce, "Ke! Yarinya ta rasa uwarta, kina faɗa kamar mai sanarwa a rediyo?"

Na maido wurin baya, na ƙwalla kira, "Inna!" har muryata ta yi rawa.

Hannunta ya tsaya cak a faifai. Ta share ido da bakin zani.

"Yauwa. Yanzu na ji ta."

Yau ɗora murya a finafinai ce sana'ata. Na sha yabo, amma babu wanda ya kamo ƙafar "yauwa" ɗin nan.