Shekara Biyun da Takarda Ta Cinye

Mai tantance takardun 'yan takara ya ɗaga jan alƙalamin bik zai soke sunan wata budurwa daga masu neman kujerar konseye, wato kansila, ta garin Dogo-Dogo. Doka ta ce sai mai shekara ashirin da ɗaya, takardar haihuwarta kuwa ashirin ta nuna.

"Baba, ashirin da biyu gare ni," in ji ta. "Matan garinmu ne suka tsayar da ni saboda maganar rijiya."

"'Yata, takarda muke bi. Shekara talatin ina aiki, ban taɓa tanƙwara ta don kowa ba."

Ya juya takardar zai nuna mata hatimi, sai idonsa ya sauka kan sa hannun da ke ƙasa.

Ya tuna shekarar yunwa, da aka tura shi ƙauyuka yi wa yara takardu. Layi ya yi tsawo, rana ta take. Wani makiyayi ya turo 'yarsa gaban tebur, ƙafafunta kamar kara, ya ce, "Bakwai gare ta, malam. Rashin abinci ne ya tsumburar da ita." Shi kuwa ya dube ta sama da ƙasa, ya yi murmushin wanda ya san aikinsa, ya rubuta mata biyar.

"To wa zan kai wa kukana, Baba? Wanda ya rubuta ta ma ban san shi ba."

Ya ajiye bik ɗin a hankali.

"Zauna, 'yata," ya ce. "Kin same shi."