Kwana Bakwai Kai a Kife

"To, ɗago kanka," in ji likita.

Kwana bakwai ke nan kafintan yana kife. Tantanin da ke can bayan idonsa, inda haske ke sauka mutum ya gani, shi ya ɓamɓare. Likita ta mayar da shi, ta sa kumfar iska ta danne shi, ta ce in ya ɗaga kai kafin ya manne, idon ya tafi.

Shekara talatin yana buga rufi, kansa kullum a sama. Yanzu duniyarsa ta koma siminti da ƙafafun matarsa, suna kawo abinci, suna kawo magani, cikin silifa ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ɗaure da waya.

Ya ɗago a hankali. Ga matar tasa nan, ta sha kwalli tun safe.

"Malam, kana ganina?" in ji ta.

"Dishi-dishi, amma wallahi ke ce."

Sai ya sake sunkuyawa. Likita ta zabura. "Lafiya?"

"Lafiya lau, likita. Ƙafarta nake aunawa. Daga nan sai shagon takalma."